Haƙori Uku da Na Matsa a Injin Kawu

Ni ne na yi kuskure, ba Kawu ba. Ina so wannan ya zama farkon abin da za a karanta, domin shekara tara na bar mutanen Birnin Gwari suna ɗaukar maganar a juye, ban kuma buɗe baki ba sai da aka rufe shi da ƙasa. Ni bakanike ne. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, wanda ya ga rubutun ya karkace sai ya yi haƙuri da ni.

Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya fara sa mini sifana a hannu. Ya rasu ranar Talata da hantsi bayan kwana shida a kwance, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Na zauna makoki da yawa a garin nan, musamman a shekarun da 'yan bindigar daji suka hana mu sakat, amma ban taɓa ganin zaman da mutane ke kokawa da dariya kamar nasa ba. Mutum zai zo fuska a ɗaure, ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" Mu ce, "Da godiya." Ya yi addu'a a shafa. Sai ya ɗaga kai ya hango wutsiyar jirgi ta leƙo ta saman katanga, ga zakara tsaye a kanta. Daga nan sai ka ga kafaɗarsa tana rawa.

Wani direba da ya taso tun daga Dogon Dawa ya ce, "Allah ya jiƙan Mai Jirgin Ƙasa." Sai ya yi wuf ya toshe bakinsa.

Babban ɗan Kawu ya ce, "Faɗi abinka, ai shi ma yana amsawa."

Maƙwabcin Kawu, tsohon malamin firamare ne, Kirista daga kudancin Kaduna, kowa Ticha yake ce masa. Ya zauna da hula a hannu yana share hawaye da ita. Ya ce, "Shekara arba'in katanga ɗaya muke rabawa. Duk Kirsimeti shi ke tayar mana da janareton coci, ya ce mini, 'Ticha, ka gaya wa mutanenka su taƙaita waƙa, injin nan sa'anmu ne.'" Ya fashe da dariya, dariyar ta koma kuka.

Sai wani dattijon Bafulatani da ke kiwo a fadamar bayan gari ya iso a ƙafa, ya jingine sandarsa, ya zauna bakin tabarma. Da aka gama addu'a ya ce, ba wanda ya tambaye shi, "Ni na gani da idona. Inuwa ta rabu da taya."

Aka ce masa, "To, Baffa, to," irin yadda ake lallashin tsoho. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don na san gaskiya ya faɗa, na kuma san wanda ya sa ba a yarda da shi.

Ga wanda bai san garinmu ba, ga yadda abin yake. Da Kawu ya haura sittin sai ya miƙa wa babban ɗansa gareji, ya koma bayan gida ya ce jirgin sama zai ƙera. Gangar jikin da bututun ƙarfe ya yi ta. Tayoyin na babur ne. Mazaunin kujerar roba ce da ya yanke wa ƙafafu. Farfelar kuwa itacen maɗaci ce, wani masassaƙin turmi a Gayam ya sassaƙa masa, ya riƙa juya ta yana cewa, "Malam, wannan muciyar tuwon su wa za a tuƙa da ita?" Injin na wata ƙaramar mota ne da ta kife a hanyar Kaduna.

Injin nan shi ne zuciyar labarin. Kawu da kafireta ya tashi, wato na'urar da ke haɗa mai da iska a tsofaffin motoci, ya tsufa a kanta, amma ya ce ba za ta je sama ba, domin ita kamar ƙwarya take, in ka karkata ta sai mai ya koma gefe ɗaya. Ya zaɓi injekta, irin wanda nozul huɗu ke fesa mai, kowane silinda da nasa, ga kuma 'yar ƙwaƙwalwa da ke gaya musu yawan da za su fesa. Da furfurarsa ya zauna ya koyi abin daga farko.

Yana da kwalaben maganin tari guda huɗu. Zai cire nozul ɗin ya sa kowane a bakin kwalba, ya ba su wuta suna fesawa, shi kuma yana jan carbi. In carbi ya zagayo sai ya kashe. Ya jera kwalaben a kan benci, ya tsuguna, ya rufe ido ɗaya yana duban inda mai ya tsaya a kowace.

"Na ukun nan ana cutarsa," in ji shi. Ya wanke nozul, ya sake. Haka zai yini.

Matarsa, wadda muke kira Inna, za ta leƙo ta ce, "Malam, tuwo na hucewa."

"Bari in gama raba wa 'ya'yan nan nasu."

"'Ya'yanka na cikinka ma ba ka yi musu wannan adalcin ba."

"Su in an cuce su suna da baki. Waɗannan sai dai su ƙone."

Yana kuma karanta fulogi kamar yadda malami ke karanta allo. In ya kashe inji sai ya kwance su ya duba bakinsu. Baƙi, ya ce an ƙoshi har an yi amai. Launin ƙuli-ƙuli, ya ce alhamdulillahi. Fari kamar alli, ya ce yunwa ce, kuma yunwa ita ke narkar da fistin. Saboda haka da gangan yake barin man ya ɗan yi yawa, ya ce in inji yana aiki da dukkan ƙarfinsa, rarar man nan ita ke sanyaya masa ciki.

Kafin ya yarda jirgin ya motsa, wata uku yana ɗaure shi a gindin ɗorawar bayan gida da igiya, a tsakiyar igiyar kuma ya rataya sikelin masu awon masara don ya ga ƙarfin jan. Ticha ne mai karanta sikeli. Zai sa tabarau ya tsaya a gefe da littafin rubutu, iska na neman cire masa riga, yana ihun lamba ba mai ji. Ranar farko Inna ta shanya kuɓewa a tabarma. Da Kawu ya ba inji wuta, kuɓewa ta tashi sama gaba ɗaya ta sauka gidan Ticha. Inna ta fito da muciya a hannu.

"Ka ga abin da ka yi mini?"

Kawu ya ce, "Ai ki yi murna. Kuɓewarki ce fasinja ta farko."

Kwana biyu tana yi masa miya ba gishiri. Matar Ticha kuwa ta tsince kuɓewar tas, ta aiko da rabi, ta ce rabin kuɗin sauka ne a filinta.

Yanzu sai in zo kan kaina. A lokacin ba yaro ba ne ni, ina da mata da 'ya'ya. Na yi shekara huɗu a Kaduna ina koyon motocin injekta, na dawo na buɗe garejina, kaina ya yi girma. Abin da aka san ni da shi ɗaya ne. Duk direban da ya shigo, kafin ya gama gaisuwa zai ce, "Oga, a rage mini shan mai." Ni kuwa na san wurin. A irin waɗannan injuna akwai akwatin auna iska. A cikinsa akwai ɗan ƙyaure da iska ke turawa, da sifirin da ke riƙe da shi, da wani ɗan faifai mai haƙora. In ka matsa faifan ka ƙara wa sifirin tauri, ƙwaƙwalwa sai ta zaci iskar kaɗan ce, sai ta rage mai. Direba ya tafi yana sa maka albarka. Mu nan, bakanike mai rage shan mai shi ne gwani. Ban taɓa jin wanda ya zo ya ce a ƙara masa ba.

Ran nan na tsaya ina kallon Kawu yana gwaji, na ji warin mai a hayaƙin. Na ce, "Kawu, injin nan ɓarnar mai yake yi. Bari in taɓa maka shi."

"Taɓa me?"

"Haƙori biyu ko uku. Za ka ji muryarsa ta washe."

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Ɗan Kaduna," don haka yake kirana tun da na dawo, "motar da ka rage wa mai, in ta ji yunwa ina take zuwa?"

"Ta tsaya gefen hanya."

"To, ka taɓa ganin gefen hanya a sama?"

Ticha ya ƙyalƙyale da dariya har tabarau ya zame. Wannan dariyar ce ta tsaya mini a wuya. Na ce a raina, tsohon kafireta ne zai koya mini injekta a gaban mutane?

Ana gobe za a fitar da jirgin, Kawu ya tafi suna Gayam da safe. Na shiga gidan na ce wa Inna na manta sifana a bayan gida. Na ɓamɓare baƙin murfin akwatin, na matsa faifan. Ɗaya, biyu, uku. Na mai da murfi na liƙe da gam, na share yatsuna. Allah ya sani ban yi don in cuce shi ba. So nake a ji inji ya yi daɗin murya, bayan an gama murna in ja shi gefe in ce, "Kawu, ni ne." Amma niyya ba ta gyara abin da hannu ya ɓata a ɓoye, kuma mutumin da zai zauna a kujerar nan yayan uwata ne.

Bayan girbi ne. Wani manomi a hanyar Gayam ya ba da doguwar gonarsa, aka baje kunyoyi aka daddaɓe. Gari ya fito kamar ranar kasuwa, har da masu rake da masu fura. Inna ta ƙi zuwa, ta ce, "Ba zan je in tsaya a sa ni takaba da rana tsaka ba." Kawu ya ɗora hular kwanon masu babur a kan hularsa, ya ɗaure kansa a kujera da bel ɗin mota, ya yi bismilla ya tayar.

Muryar injin ta fito tas, ba wari, ba hayaƙi. Na ji daɗi har na dubi na kusa da ni. Amma na ga Kawu ya karkata kai yana saurare, kamar wanda ya ji baƙuwar murya a gidansa. Ya ɗan jima a haka. Mutane suka fara ihu, "A tashi! A tashi!" Sai ya saki birki.

Jirgi ya ruga. Ƙura ta tashi, wutsiya ta ɗaga, kowa ya riƙe numfashi. Sai muka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Inji ya yi tari biyu, ya feso farin hayaƙi, farfela ta tsaya cik. Jirgin ya ci gaba da gangarawa shiru, ya wuce iyakar gona, ya shiga rogon maƙwabci ya zauna.

Wuri ya yi tsit. Ni na san abin da ya faru, na kuma san da ya ƙara ɗan lokaci kaɗan da a saman itatuwa injin zai mutu. Kawu ya kwance bel ya fito lafiya. A nan ne na yi laifi na biyu, wanda ya fi na farko muni. Tsoro ya sa na so in kawar da idon mutane daga kaina, ko da yake ba wanda ke kallona. Na ɗaga murya na ce, "To, jirgin saman Kawu dai ya zama jirgin ƙasa!"

Fili ya ɗauki dariya. Kawu ya cire hular kwano, ya dube ni daga nesa, sai shi ma ya yi dariya, ya ɗaga hannu ya ce, "Mai zuwa Zariya ya hau! Akwai sauran wuri a kan fiffike!"

Da aka turo jirgin gida, ina tsaye Kawu ya kwance fulogi na uku. Fari fat, bakinsa ya narke. Ya juya shi a hannu ya ce, "Yunwa." Ya sa a aljihu. 

Sunan ya bi shi. A kasuwa, a masallaci, a wurin biki, Mai Jirgin Ƙasa. Maganar da ta biyo bayan sunan ita ce tsoho bai san injin zamani ba, ya je ya ƙona fistin da hannunsa. Masu motocin injekta suka daina kai wa garejin ɗansa, suka dawo wurina. Ina karɓar makullansu ina murmushi. Wannan ma ina so a rubuta a kaina.

Shi kuwa Kawu ya ɗauki sunan ya yafa kamar sabuwar riga. Yara in sun hango shi kan kekensa sai su yi "Uuu-uuu!" Shi kuma ya amsa da "Cuku-cuku-cuku," yana taka feda a hankali har ya wuce. In ya shiga wurin ɗaurin aure a makare sai ya ce, "Ku yi haƙuri, an tsayar da mu a tasha." Wata rana wani ɗan siyasa mai neman ƙuri'a ya yi mana alkawarin layin dogo, Kawu ya ɗaga hannu daga baya ya ce, "Ranka ya daɗe, ku kawo layin kawai, jirgi akwai."

Ni kuma gaisuwarsa gare ni ba ta canza ba. Duk inda muka haɗu sai ya ce, "Ɗan Kaduna, ya shan mai?"

In ce, "An rage, Kawu."

Ya ce, "Madalla, madalla," yana dariya har ido ya yi ruwa. Na ɗauka tsokana ce irin tasa.

Da matata ta kwanta rashin lafiya, shi ya riƙe mini gareji mako biyu, yana kwance ƙarƙashin motocin da suka guje wa ɗansa. Ban san sau nawa na shirya in gaya masa ba. Wata Sallah na sayi zakara da goro na tafi musamman. Na same shi tsugune gaban kwalabensa. Na ce, "Kawu, akwai maganar da..." Ya ce, "Riƙe mini wannan, kada ta zube." Na riƙe kwalba. Carbi ya zagayo. Ya ce, "Wace magana?" Na ce, "Barka da Sallah." Ya ce, "Barkanmu dai. Zakaran nan ya fi maganarka nauyi." Jikan wannan zakaran ne ke hawa wutsiyar jirgi yau.

Shekara biyu ya yi yana gyaran injin shi kaɗai. A lokacin daji ya riga ya ɓaci, hukuma ta aiko masa cewa ba taro, ba kuma ƙarar jirgi a saman gari, don mutane na jin irin wannan ƙarar sai su kwashi yara su gudu. Ya ce gaskiyarsu. Amma wata safiya ta rani, rana ta ɗan fito, ya aiko a kira ni. Ni da shi da Ticha muka tura jirgin zuwa fadamar bayan gari, ta bushe ta yi sumul. Ba kowa sai dattijon Bafulatanin nan da shanunsa can nesa.

Kawu ya ce, "Ba tafiya zan yi ba. Gaisuwa kawai zan kai."

Ya tayar. Na ji warin man nan ya dawo a hayaƙin, na ji kunya ta rufe ni. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya saki. Jirgi ya ruga, wutsiya ta ɗaga, muryar injin ba ta girgiza ba ko kaɗan. Rana tana gefe, inuwar jirgin tana gudu manne da tayoyinsa. Sai na ga haske ya shiga tsakaninsu. Tayoyi a sama, inuwa a ƙasa ita kaɗai tana bin sa.

Bai wuce tsayin mutum ba. Bai fi a ja numfashi biyar ba. Ticha yana tsalle yana "Halleluya!" Bafulatani ya yar da sanda yana salati, shanu suka watse. Ni kuka nake, ba su san na mene ne ba. Jirgin ya sauko da ƙarfi, taya ɗaya ta lanƙwashe, ya yi rabin zagaye ya tsaya. Muka ruga. Kawu yana zaune a kujerar roba, haƙora duka a waje.

Ticha ya ce, "Yaya can?"

Kawu ya ce, "Kai, sama akwai sanyi."

Ya kwance fulogi huɗun a wurin, suna ƙona masa yatsu, ya jera su a tafin hannu ya miƙo mini. Duka launin ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Ɗan Kaduna, duba. Kowa ya ƙoshi." Ko a nan ban faɗa ba.

Ticha ne aka ba waya ya ɗauki bidiyo. Da muka duba, ba komai a ciki sai takalmansa suna tsalle da muryarsa yana ihu. Saboda haka gari bai yarda ba. Aka ce abokinsa ne, ɗan ƙanwarsa ne, ɗayan kuma tsoho ne mai ganin abubuwa a daji. Ni da ya kamata in fi kowa ɗaga murya, sai in ce, "E, ya ɗan ɗaga," in sauya magana, don duk hirar jirgin tana kai ni bakin abin da nake gudu. Kawu bai sake hawa ba. Ya yi wa Inna alkawari, ya ce ya kai gaisuwa, an amsa, ya isa. Amma har makon da ya kwanta, yakan tayar da injin a gindin ɗorawa, ya duba kwalabensa.

Rana ta biyu ta makoki, da la'asar, Inna ta aiko in shiga. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba. Na gaishe ta. Ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado ta turo mini. A ciki akwai farin fulogin nan mai narkakken baki, naɗe a takarda. A jikin takardar, da rubutun Kawu, kalma biyu: haƙori uku.

Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Da jan farcen 'yarsa ya yi alama a kan haƙorin da ya saita. Kai da ka buɗe, ba ka gani ba?"

"Ban gani ba, Inna."

"Ai gwanaye ba sa gani. Kafin magaribar ranar ya sani. Kuma mutum nawa ne a garin nan suka san a buɗe murfin nan? Sifana kuma da ka ce ka manta, ni na ga ka fita hannu wofi."

Na ce, "Me ya hana shi faɗa?"

"Na tambaye shi. Na ɗauki mayafi zan zo garejinka in wanke ka tas, ya tare ƙofa. Ya ce yaron nan yanzu ya buɗe wuri, in aka ji yana taɓa injin mutane a ɓoye, wa zai sake ba shi makulli? Ya ce shi ya gama cin sunansa, kai yanzu ka fara. Ya ce kuma shi ma da nasa, kunnensa ya gaya masa, ya biye wa ihun mutane." Ta gyara mayafi. "Ni dai ka zaunar mini da miji a ƙasa ranar da ya yi niyyar zagaya gari. Ban ce ka kyauta ba."

Na yi dariya ina kuka. Ita ma ta yi.

Ta ce, "Ya ce in ba ka gwangwani, kada in ce komai. To, ni ban yi masa alkawarin shiru ba, shekara hamsin bai samu wannan daga gare ni ba. Ya yafe maka tun ranar. Amma shi ya tafi, sunan ya bari. Jiya na ji yara suna yi wa jikansa 'Uuu-uuu' a ƙofar gida. Shi kakansa dariya yake yi. Wannan kuka ya yi."

Washegari aka yi addu'ar uku. Ƙofar gida ta cika har titi. Direbobi, 'yan kasuwa, mutanen cocin Ticha a gefe guda, Bafulatani da sandarsa. Liman ya yi addu'a, sannan ya faɗi abin da akan faɗa: duk wanda marigayi ya saɓa wa, a sani ko a rashin sani, don Allah ya yafe masa. Aka amsa, "Mun yafe." Ana shirin shafawa na miƙe, gwangwani a hannuna. Na ce, "Allah gafarta malam, a ba ni izini. Ni tawa a juye take."

Liman ya ce, "Bismilla."

Na fito da fulogin na ɗaga shi yadda na baya za su gani. Na ce:

"Jama'a, marigayi bai saɓa mini ba, ni na saɓa masa. Ranar da jirginsa ya shiga rogo, ba shi ya ƙona injin ba. Ni na shiga gidansa ba ya nan, na matsa haƙori uku na rage mai, bayan ya hana ni. Ga shaida. Saitinsa daidai yake, nawa ne ya kusa kashe shi. Kuma sunan da kuke kiransa da shi, daga bakina ya fita, don in ɓoye kaina. Ya sani tun ranar, ya rufa mini asiri shekara tara."

Na juya ga babban ɗansa. "Yaya, motocin da suka bar garejinka suka zo nawa, kan ƙarya suka zo. Ka yafe mini."

Na juya ga Bafulatani. "Baffa, gaskiyarka. Ina wurin. Inuwa ta rabu da taya."

Ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Yawwa!"

Na dubi katanga, inda wutsiyar ta leƙo.

"Jirgin sama ne, jama'a, kuma ya tashi. Kawu, ka yafe mini. Ka tambaye ni shan mai shekara tara, kullum ina ce maka an rage. Yau na faɗe ta duka. Ban rage ko haƙori ɗaya ba."